Harshe da Tabarmar Baƙo: Tarihin Karimci da Bukukuwan Kazakawa

1.0 Gabatarwa

Masana tarihin harsuna sun daɗe da lura cewa harshe ba ya mutuwa rana ɗaya. Yakan fara janyewa ne daga fada da ofis, sa'an nan daga makaranta da kasuwa, har ya zamana ba a jin sa sai a bakin tsofaffi cikin gida. Harshen Kazakanci, wanda ake magana da shi a tsakiyar nahiyar Asiya, ya yi nisa ƙwarai a kan wannan hanya cikin ƙarni na 20, amma daga baya ya juyo. Manufar wannan maƙala ita ce a bi tarihin wannan tafiya da juyowa, a kuma nuna irin rawar da al'adar karɓar baƙo da bukukuwan gargajiya suka taka wajen tsare harshen a lokacin da aka kore shi daga manyan wurare. Za a fara da ƙasar da mutanenta da siffar harshensu, sa'an nan haƙƙin baƙo da bikin Nauriz, kafin a shiga abin da ya auku a zamanin Tarayyar Sobiyat da bayansa. An rubuta kalmomin Kazakanci a nan yadda suka fi kusa da kunnen Bahaushe.

2.0 Ƙasar da Mutanenta

Kazakistan ita ce ta tara a girma cikin ƙasashen duniya. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita miliyan 2.7, watau kusan ninki uku na Nijeriya, amma yawan jama'arta bai cika miliyan 20 ba sai a shekarar 1923 da ɗari, watau 2023. Rasha ce a arewacinta, Sin kuma a gabas. Mafi yawan ƙasar fili ne fetal mai ciyawa, babu tsayayyen daji, kuma hunturunta yana da tsanani matuƙa.

Asalin Kazakawa makiyaya ne masu yawo da dawaki da tumaki da raƙuma da shanu. Da hunturu sukan zauna a kwari inda iska ba ta da ƙarfi, idan ƙanƙara ta narke kuma sai su kwashe bukkokinsu su nufi makiyayar da suke kira "jailau". Bukkar tasu ana ce mata "kiiz ui", watau ɗakin ulu. Zagayayya ce, da sanduna ake kafa ta, a lulluɓe ta da gashin tumaki da aka danƙare. Zoben katakon da ke tsakiyar rufinta, "shanirak", ɗan auta ne ke gadon sa, kuma shi ne a tsakiyar tambarin ƙasar a yau.

Wajajen shekarar 1465 ne sarakuna biyu, Kerei da Janibek, suka kafa daular Kazakawa. Daga baya jama'ar ta kasu rukuni uku da ake kira "juz": Babba da Matsakaici da Ƙarami. A 1731 Abulhair, sarkin Ƙaramin rukuni, ya yi wa Rasha mubaya'a don neman kariya, daga nan ne kuma Rasha ta yi ta cin ƙasar sannu a hankali har ta mamaye ta duka cikin ƙarni na 19.

Musulunci ya shiga kudancin ƙasar tun ƙarni na 8, ya kuma bazu cikin makiyaya ta hannun sufaye, musamman almajiran Shehu Ahmad Yasawi, wanda ya rasu a 1166. A hubbarensa da ke garin Turkistan akwai wata ƙatuwar tukunyar tagulla mai suna "taikazan", wadda aka ƙera a 1399, nauyinta ya kai tan 2. A da a cikinta ake zuba ruwan da ake shayar da masu ziyara, kuma Kazakawa suna ɗaukar ta a matsayin alamar haɗin kai da karimci. Za a sake waiwayar wannan tukunya nan gaba.

3.0 Siffar Harshen

Kazakanci yana cikin dangin harsunan Turkawa, a reshen da ake kira Kipcak, tare da Kirgizanci da Karakalpak da Nogai. Ban da Kazakistan, ana jin sa a yankin Shinjiyan na ƙasar Sin, da yammacin Mongoliya, da Uzbekistan da Rasha.

Abu biyu ne suka fi fitowa fili a nahawunsa. Na farko, ana gina kalma ne ta hanyar jera ɗafa-ƙeya a bayan saiwa, kowace da aikinta. Na biyu, akwai jituwar wasula, watau wasalin saiwa shi ke zaɓar wasalin ɗafa-ƙeyar da za ta biyo baya. Alal misali, "ui" gida ne, "uiler" gidaje, "uilerimizde" kuma a cikin gidajenmu. Amma "kala" gari ne, "kalalar" garuruwa, "kalalarimizda" a cikin garuruwanmu. Mai karatu zai lura yadda "-ler" ta koma "-lar", "-de" kuma ta koma "-da".

Saboda Musulunci, Kazakanci ya ari kalmomi da yawa daga Larabci, wasu ta hanyar Farisanci, kuma Bahaushe zai gane wasunsu domin daga tushe ɗaya Hausa ta aro nata. "Kitap" shi ne littafi, "kalam" alƙalami, "dunie" duniya, "habar" labari, "akil" hankali, "uakit" kuma lokaci. Harshen yana bambanta "sen" da ake ce wa tsara ko yaro da "siz" na girmamawa. Dattijo kuwa "aksakal" ake ce masa, watau mai farin gemu.

Kafin yaɗuwar rubutu, taskar harshen tana bakin mutane uku ne: mawaƙi mai kiɗa "dombira", wani molo mai tsirkiya biyu, alƙalin gargajiya, "bi", wanda fasahar magana ce jarinsa, da kuma dattijo mai sa albarka. Dukansu uku a zauren baƙi aka fi jin muryarsu.

4.0 Haƙƙin Baƙo a Dokar Gargajiya

A ƙasar da mutum zai yi tafiyar yini guda bisa doki bai ga bukka ba, kuma sanyin dare yana iya kashe shi, karɓar baƙo batu ne na rai da mutuwa. Babu masauki na haya, babu kasuwar da matafiyi zai sayi abinci. Wanda ya saukar da baƙo yau, shi ne zai nemi masauki gobe. Saboda haka Kazakawa suka mai da abin doka. Abincin da ake ba baƙo suna da suna, "konakasi", daga "konak" baƙo da "as" abinci, kuma matafiyin da aka hana shi yana da ikon kai ƙara gaban alƙali. Tarar da aka saba ci ita ce doki da riga.

Akwai hikayar da suke kafa hujja da ita. An ce kakansu Alash ya raba dukiyarsa kashi huɗu, ya ba 'ya'yansa uku kashi ɗai-ɗai, na huɗun kuma ya ce kada a raba shi, na matafiyi ne har abada. Bisa ga wannan, baƙon da ya ci abinci a bukkar Bakazake rabonsa na gado ya ci, ba a yi masa alfarma ba.

Harshen ya rarrabe baƙi iri-iri. Akwai "arnayi konak", wanda aka gayyata musamman. Akwai "kidirma konak", mai yawon ziyara. Akwai "kilgima konak", wanda ƙanshin tukunya ke jawowa, wanda kuma ake yi wa ba'a. Amma mafi daraja shi ne "kudayi konak", baƙon Allah, wanda ba a san shi ba, dare ne kawai ya kawo shi. Suna da karin magana cewa ɗaya daga cikin baƙi arba'in Kidir ne, watau Halliru, bawan Allah ɗin nan da malamai suka ce shi ne Annabi Musa ya yi tafiya da shi. Tun da ba a san da wace kama zai zo ba, tilas a girmama kowa. Sukan kuma ce idan baƙo mai albarka ya sauka, tunkiya tagwaye take haifa.

Tsarin saukar baƙo ga shi kamar haka. Yaro zai tarbe shi ya riƙe masa doki. A shigar da shi a zaunar a "tor", wurin da ke fuskantar ƙofa, wanda shi ne mazaunin girma. A shimfiɗa "dastarkan", mayafin da ake jera abinci a kai, a kawo "kimiz", nonon goɗiya mai tsami, ko shayi da madara, da soyayyen ƙulli mai suna "bauirsak". Ba a cika masa ƙoƙon shayi, kaɗan-kaɗan ake zubawa don uwargida ta yi ta hidimar ƙari. Cika ƙoƙo alama ce ta cewa an ƙosa da zamansa. Ba a kuma tambayar sa abin da ke tafe da shi sai ya ci ya sha.

Sa'an nan maigida ya jawo rago zuwa bakin ƙofa ya roƙi baƙo "bata". Wannan kalma daga Fatiha ta samo asali, ma'anarta kuwa addu'ar sa albarka. Baƙo zai ɗaga hannuwa ya jero fatan alheri cikin magana mai kari da amsa-amo, jama'a su ce amin su shafa, kana a yanka. In nama ya nuna, kan ragon ake ajiyewa gaban babban baƙo. Shi zai ɗanɗana, ya yanki kunne ya ba yaro don ya zama mai jin magana, ya ba wani ganɗa don ya zama mai fasahar baki. Wanda mahaifinsa ke da rai ba ya karɓar kai, sai ya miƙa wa wanda ya girme shi. Kowane ƙashi da mai shi: ƙashin ƙugu na dattijo ne, ƙirji na mijin 'yar gida. Kuskure wajen rabon nan cin mutunci ne babba.

Bayan an ci, sai a nemi baƙo ya biya "konakkade", watau ya rera waƙa, ko ya ba da labari, ko ya kaɗa dombira. Ta wannan hanya ce waƙoƙi da tarihin zuri'a da labarin nesa suke tafiya daga zango zuwa zango, shi ya sa ma bambancin karin harshe bai yi yawa ba a ƙasa mai wannan faɗi. Ashe ke nan tun fil azal zaman baƙi shi ne makarantar harshe ta yaran makiyaya.

5.0 Bikin Nauriz

Kazakawa suna yin Sallar Azumi da Sallar Layya, waɗanda suke kira "Oraza Ait" da "Kurban Ait". A cikin Ramalana kuma matasa kan bi gida-gida da waƙar "jarapazan" ana ba su kyauta, kusan yadda ake tashe a ƙasar Hausa. Amma bikin da ya fi daɗewa shi ne Nauriz, wanda ya girmi zuwan Musulunci. Sunan daga Farisanci yake, ma'anarsa sabuwar rana, kuma ana yin sa ne ranar 22 ga Maris, lokacin da dare da rana suke daidaita. Kazakawa kan kira shi "Ulistin uli kuni", babbar ranar al'umma.

Sai an san hunturun ƙasar ake gane nauyin wannan biki. Wata shekara ruwa kan sauka bisa dusar ƙanƙara ya daskare, dabbobi su kasa tono ciyawa, garke ya ƙare cikin 'yan makonni. Wannan annoba ita ce "jut". Wanda ya ga watan Maris da ransa da dabbobinsa ya tsallake siraɗi. Don haka a yammacin ƙasar tun ranar 14 ga Maris ake fita "korisu", watau ganin juna: ƙarami ya je gaida babba, a rungumi juna, a tambayi yadda aka fita hunturu, a yafe wa juna.

Kafin ranar ana share gida, a yashe idon ruwa, a biya bashi, a sasanta masu gaba. Da dare a cika ƙore da madara da hatsi da ruwa, a bar fitila a kunne, domin an yi imani Kidir Ata yana zaga ƙasa a daren yana sa wa gidaje masu tsabta albarka. Da safe a dafa "Nauriz koje", wani kunu mai haɗi bakwai: ruwa, nama, gishiri, kitse, gari, hatsi da madara. Naman da ake sawa ragowar yankan hunturu ne, madarar kuwa ta sabuwar haihuwa ce, watau an yi sallama da tsohuwar shekara an tarbi sabuwa a ƙwarya ɗaya. Ana so mutum ya sha kunun a gidaje bakwai. Da rana a yi sukuwa da kokawa da lilo, a kuma yi "aitis", gasar da mawaƙa biyu ke zama gaba da gaba suna mayar wa juna martani nan take. Idan aka duba da kyau, Nauriz rana ce da kowa yake baƙo, kowa kuma yake mai masauki.

6.0 Shekarun Ƙunci

A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 an sami masana da suka ɗora Kazakanci a kan takarda. Abai Kunanbayuli, wanda ya rayu daga 1845 zuwa 1904, shi ake ɗauka uban rubutaccen adabinsu. Ahmet Baitursinuli kuma ya gyara haruffan Larabci a 1912 don su dace da wasulan harshen, ya rubuta littattafan nahawu, ya kuma shugabanci jaridar "Kazak" da aka fara bugawa a Orenburg a 1913. Kazakawan ƙasar Sin da wannan ajami suke rubutu har yanzu.

Da mulkin Sobiyat ya kafu, da fari ya ƙarfafa karatu da harsunan gida, amma ba a daɗe ba al'amari ya sauya. A 1926 aka daina bikin Nauriz a fili, bisa zargin cewa ragowar addini ne da duhun kai. A 1929 aka soke haruffan Larabci aka kawo na Latin, irin waɗanda bokon Hausa ke amfani da su. A 1940 aka sake soke waɗannan aka kawo haruffan Rashanci, aka ƙara musu wasu har suka zama 42. Cikin shekara 11 an mai da masu karatu jahilai sau biyu, an kuma raba yara da littattafan kakanninsu. A 1937 aka harbe Baitursinuli, aka kuma hallaka mafi yawan abokan aikinsa a wannan shekara da ta bayanta. A 1938 aka wajabta koyon Rashanci a dukan makarantu.

Mafi muni duka ita ce yunwar 1930 zuwa 1933, wadda suke kira "Asharshilik". Gwamnati, ƙarƙashin jagorancin Filip Goloshchokin a Kazakistan, ta tilasta wa makiyaya zama wuri ɗaya, ta tara su a gandayen haɗin gwiwa, ta ƙwace dabbobi da hatsi don ciyar da birane. Kusan kashi 90 cikin 100 na dabbobin ƙasar suka ƙare. Mutum wajen miliyan ɗaya da rabi suka mutu, mafi yawansu Kazakawa, watau fiye da sulusin al'ummar. Dubban ɗaruruwa suka gudu, wasu har Sin da Mongoliya da Afganistan. A waɗannan shekaru dokar baƙo kanta ta karye, domin mai masauki ba shi da rago, ba shi da ko tsabar hatsi. Rayuwar yawon kiwo, wadda ita ta haifi dokar, daga nan ba ta sake komawa yadda take ba.

7.0 Baƙin Dole

Ba a gama farfaɗowa daga yunwa ba sai gwamnatin Stalin ta mai da Kazakistan wurin jibge al'ummun da ba ta amince da su ba. An kawo Koriyawa daga gabas mai nisa a 1937, Jamusawan kogin Bolga a 1941, Cecenawa da Ingushawa a watan Fabrairu na 1944, ga kuma Polandawa da wasu da dama. A taragon dabbobi ake kawo su, a sauke su a fili, sau da yawa cikin tsakiyar sanyi. Da yawa sun mutu a shekarar farko. Amma zuri'ar waɗanda suka rayu suna ba da labarin yadda talakawan Kazakawa, waɗanda su ma ba su daɗe da binne 'ya'yansu ba, suka shigar da su ɗaki suka raba ɗan abin da ke akwai.

Labarin da ya fi shahara ya fito ne daga sansanin Aljir, kusa da inda birnin Astana yake a yau, inda aka tsare matan mutanen da aka kira maciya amanar ƙasa. Matan suna yankan kyauro a bakin tafki sai suka ga yara da tsofaffi na ƙauyen suna jifan su da fararen duwatsu, masu gadi suna ta dariya. Da wata ta ɗauki dutsen sai ta ji ƙanshin madara. Ashe "kurt" ne, busasshen cuku da ake dunƙulawa. Mutanen ƙauyen sun sami dabarar ciyar da baƙon Allah a gaban idon soja. Tun 2016 ƙasar ta keɓe ranar 1 ga Maris a matsayin Ranar Godiya, don tunawa da irin wannan tarba.

Sai dai wannan kwarara ta jama'a ta zo wa harshen da matsala. Daga 1954 shirin noman sababbin filaye ya sake kawo ɗimbin mutane daga Rasha da Yukren. A ƙidayar 1959 Kazakawa kashi 30 cikin 100 ne kacal a ƙasarsu, Rashawa kuwa sun haura kashi 42. Rashanci ya zama harshen da ke haɗa kowa da kowa.

8.0 Inda Harshen ya Fake

Ba a hana Kazakanci baki ɗaya ba. An ci gaba da buga jaridu da littattafai da shi, kuma a wannan zamani ne Muhtar Auezob ya rubuta babban littafinsa a kan rayuwar Abai. A ƙauyuka ma shi ne harshen yau da kullum. Amma jami'a da masana'anta da ofis duk na Rashanci ne, saboda haka iyayen da ke son 'ya'yansu su ci gaba suka riƙa kai su makarantun Rashanci. A Almati, babban birnin wancan lokaci, makarantun Kazakanci 'yan ƙalilan ne. Aka tashi da zuri'ar birni da ba ta iya hira da kakanninta sosai, har aka laƙaba musu sunan reni, "shala kazak", watau rabin Bakazake.

A nan ne dastarkan ya yi aikinsa. Bakazaken birni yana iya yin aikin ofis da Rashanci, ya yi fira da matarsa da Rashanci, amma ranar aure ko suna ko makoki, ko ranar da dattijo ya zo daga ƙauye da tsarabar naman hunturu, tilas a zaunar da shi a tor, a ajiye masa kan rago, a roƙe shi bata. Ita kuwa bata da Kazakanci ake yin ta. Yaron da bai san nahawu ba ya san "suyinshi", goron albishir. Ya san "shashu", alewar da ake watsawa ranar murna. Ya san "sarkit", ragowar abincin biki da ake ƙunsa wa baƙo ya kai gida. Ya san "erulik", liyafar tarbar sabon maƙwabci. Waɗannan kalmomi ba su da takwara a Rashanci, don haka ba a iya musanya su ba. A ƙauyuka kuma tsofaffi mata ba su fasa dafa kunun Nauriz a cikin gida ba, ko da yake babu taro babu sanarwa. Hukuma tana da iko da makaranta da maɗaba'a, amma ba ta iya sa ɗan sanda a bakin kowace tukunya ba.

9.0 Farfaɗowa

A watan Disamba na 1986 Mosko ta sauke Dinmuhammed Kunayeb daga shugabancin jam'iyya a Kazakistan ta naɗa Gennadi Kolbin, wanda bai taɓa aiki a ƙasar ba. Matasa suka fito zanga-zanga a Almati, aka murƙushe su da ƙarfi. Wannan tarzoma, da ake kira "Jeltoksan", ta ta da tambayar da aka daɗe ana haɗiyewa game da matsayin Bakazake da harshensa. Abin lura shi ne biki ne ya fara dawowa kafin doka. A 1988 aka yi Nauriz a fili a karo na farko bayan shekara 62. A 1989 aka kafa dokar da ta mai da Kazakanci harshen ƙasa. A wannan shekara kuma aka dawo da tukunyar taikazan hubbaren Yasawi daga gidan tarihi na Leningirad, inda aka kai ta tun 1935.

Ƙasar ta sami 'yancin kai ranar 16 ga Disamba, 1991. Tsarin mulkin 1995 ya tabbatar da Kazakanci a matsayin harshen ƙasa, ya kuma bar Rashanci ana aiki da shi a hukumance. Gwamnati ta gayyato Kazakawan da ke waje, fiye da miliyan ɗaya suka dawo, yawancinsu da harshe garau a bakinsu. A ƙidayar 2021 Kazakawa sun kai kashi 70 cikin 100. Tun 2009 hutun Nauriz kwana uku ne, daga 21 zuwa 23 ga Maris, daga 2024 kuma aka faɗaɗa shagulgulan zuwa kwana goma, ana farawa da korisu. Hukumar UNESCO ta sanya aitis cikin jerin al'adun duniya a 2015. A 2017 Shugaba Nursultan Nazarbayeb ya ba da umarnin komawa haruffan Latin, aka yi ta gyara jerin haruffan ana ɗage wa'adi, jama'a kuwa suka ci gaba da rubutu da haruffan Rashanci.

10.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa karimcin Kazakawa larurar rayuwar makiyaya ce ta haife shi, doka ta ƙarfafa shi, addini kuma ya ba shi ma'ana. An ga yadda mulkin Sobiyat ya rushe kiwo, ya hana biki, ya sauya rubutu sau biyu, amma ya kasa raba mutane da zaman dastarkan, inda harshen ya fake har iska ta lafa.

Sai dai mafaka dabam, mazauni dabam. Harshen da ba a jin sa sai wajen sa albarka da rabon nama ya tsira da ransa ne kawai, kuma yana iya zama kamar rigar Salla, wadda ake fitarwa sau biyu a shekara a mayar cikin adaka. Masu kishin Kazakanci sun gane haka, shi ya sa muhawararsu ta yau ta koma kan harshen asibiti da kotu da jami'a da intanet, musamman a biranen arewa inda Rashanci ke da ƙarfi. Aikin da ke gabansu shi ne yaron da ya iya cewa amin idan kakansa ya yi bata ya iya rubuta takardar neman aiki da wannan harshe, ya kuma sami wanda zai karanta ta ya ba shi amsa da shi.